Tsohuwar Jitar Bes: Yadda Za Ka Zaɓa, Ka Duba, Ka Riƙe Ta

Ranar da na fara buɗe akwatin wata jitar bes, wato jita mai kaurin murya, ƙirar Fender Precision ta 1978, ƙamshi ne ya fara tarbata: tsohon katako, ƙurar shekaru, da ɗan warin tsatsa daga makullan akwatin. Farin fentinta ya rine ya koma kalar man shanu. A bayanta akwai inda kan bel ɗin wani ya cinye fentin har katako ya leƙo, a bayan wuyan kuma sheƙin ya dushe daga firet na uku zuwa na bakwai (firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a gicciye a wuyan jita), daidai inda babban yatsa ya yi shekaru yana kai-komo. Ban san mutumin ba, amma na san inda ya fi son ajiye hannunsa. Da na ja tsirkiya mafi kauri, ko amfilifaya ban jona ba, sai na ji rawar katakon a ƙirjina.

Irin wannan ne ke jan mutum zuwa ga tsofaffin jitoci, kuma shi ne ke sa ya saki kuɗi kafin ya duba abin da ya kamata. Shawarar da zan yi ta nanatawa ita ce ka fara da wuya. Shekarar ƙira, launi da tambari duk suna bayansa.

Wace ake kira tsohuwa?

Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera jitar bes ta lantarki a Seattle tun a tsakiyar shekarun 1930, amma ba ta samu kasuwa ba. Wadda ta sauya kiɗan duniya ita ce Precision Bass, wadda Leo Fender ya fitar a 1951 daga Fullerton, jihar Kaliforniya. Kafin ita, mai kiɗan bes sai ya rungumi wani ƙaton abu mai tsawon mutum, marar firet, wanda da ƙyar ake jin sa idan ganguna da ƙahonni suka tashi. Fender ya sa firet domin kowane sauti ya faɗa daidai wurinsa, kuma daga nan sunan Precision, wato daidaito, ya samo asali. Tsawon tsirkiyarta daga ƙashin kai, inda take hawa a saman wuya, zuwa jaki, inda take hawa a gangar jiki, inci 34 ne, wanda har yau shi ne ma'aunin da aka fi bi.

Leo Fender ba makaɗi ba ne, mai gyaran rediyo ne, kuma tunanin mai gyara ya sa a ƙirarsa: wuya daban, gangar jiki daban, noti huɗu suka haɗa su. In wuya ya lalace, a kwance a sa wani. Wannan dabara ce ta sa jitocinsa suka yi tsawon rai, ita ce kuma ta sa haɗa-haɗa ya yi yawa a kasuwa, domin duk mai sukurudireba zai iya aura wa gangar 1972 wuyan 1965 ya kira ta abin da ya ga dama.

Shekarun da ya kamata su zauna a kanka ba su da yawa. A 1957 Precision ta samu fikof mai gida biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar rawar tsirkiya ya mai da ita lantarki, kuma kamanninta suka tsaya kusan yadda suke a yau. A 1959 aka fara shimfiɗa allon yatsu na itacen rozwud. Jazz Bass ta fito a 1960, da siririn wuya da fikof biyu. A watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender kan dala miliyan 13, kuma wannan shekarar ce iyakar da 'yan kasuwa suka ja: duk abin da ya riga ta, kuɗinsa na daban ne. CBS ya riƙe kamfanin har 1985. A yau, akasarin masu harkar suna kiran jitar da aka yi daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 tsohuwa.

Matakin farko: ka san abin da kake nema

Ka tambayi kanka tsakani da Allah: kaɗawa za ka yi ko ajiyewa? Mai ajiya yana biyan kuɗin asali, wato fentin farko, dalmar da ba a taɓa narkawa ba, har da akwatin da ta zo da shi. Mai kaɗawa yana iya samun jita mai sauti iri ɗaya a kusan rabin kuɗin, don kawai an sake mata fenti. Ni ina tare da masu kaɗawa. Jitar da aka kulle shekara talatin ba a taɓa ba tana ba ni tausayi, kuma sau da yawa wadda ta fi jin jiki ita ce ta fi daɗi, don daɗin nata ne ya hana a bar ta ta huta.

Sai kuma irin muryar da kake so. Precision tana da murya mai kauri a tsakiya, mai zama daram a ƙarƙashin waƙa. Da ita James Jamerson ya yi aikinsa a kamfanin faya-fayai na Motown, haka ma Carol Kaye a situdiyoyin Los Angeles. Jazz ta fi gurnani da tsini, kuma wuyanta inci ɗaya da rabi ne a wajen ƙashin kai, yayin da na Precision ta farkon shekarun 1960 ya kai inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Mai ƙananan hannu zai ji wannan bambancin nan take. Aston Barrett na ƙungiyar Wailers ta Bob Marley da Jazz aka san shi, Jaco Pastorius kuma ya cire wa tasa ta 1962 firet gaba ɗaya.

Gibson, daga Kalamazoo, ya bi wata hanya. EB-0 ta 1959 da EB-3 ta 1961 gajeru ne, inci 30 da rabi, da ƙaton fikof kusa da wuya mai fitar da sauti kamar tsawa daga nesa. Wasu na ƙaunarsa, wasu na cewa laka ne. Thunderbird ta 1963 doguwa ce kuma ta fi fito da magana. Rickenbacker 4001, wadda ta fito a 1961, wuyanta ya ratsa gangar jikin daga sama har ƙasa, muryarta na da ƙara kamar an bugi ƙarfe. Höfner 500/1 ta Jamus, mai siffar goge irin na Turai, cikinta holoƙo ne, ba ta da nauyi ko kaɗan. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi tasa ta farko a Hamburg a 1961. Music Man StingRay ta 1976, wadda shi ma Leo Fender na da hannu a ƙirarta, tana ɗauke da batir mai bolt 9 a cikinta.

In aljihunka bai kai waɗannan ba, kuma Fender ta kafin 1965 kan wuce dala dubu goma da nisa, ka dubi Japan. Masana'antun FujiGen da Matsumoku sun yi aiki mai kyau ƙwarai a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, ƙarƙashin sunaye irin su Greco, Ibanez da Aria Pro II. Da aka kafa Fender Japan a 1982, jitocin farko masu lamba da ta fara da JV sun fito da ingancin da har yau ake nemansu. Akwai Tokai, akwai Yamaha BB, akwai kuma Peavey T-40 ta Amurka daga 1978, mai ƙarko kamar turmi, mai nauyi kamar shi. Ga wanda zai sayi tsohuwar jita karon farko, nan nake nuna masa.

Mataki na biyu: wuya

A nan za ka ɓata lokacinka mafi yawa. Tsirkiya huɗu na jitar bes suna jan wuya da ƙarfin da ya wuce kilo sittin, dare da rana, shekara arba'in ko hamsin. Abin da ke hana shi lanƙwasa sandar ƙarfe ce da aka binne a cikinsa, mai noti a baki ɗaya. Idan sandar nan ta mutu, kuɗinka ya shiga rami.

Ka gyara sautin tsirkiyoyin zuwa daidai, sannan ka ɗaga jitar ka sa ido ɗaya daga kai ka leƙa gefen allon yatsu zuwa ƙasa, kamar kafinta yana duba katako. Ka duba gefen kauri, ka duba gefen siriri. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne. Abin tsoro shi ne gefe ɗaya ya lanƙwasa fiye da ɗaya, wato wuyan ya murɗe. Abu na biyu shi ne tudu a ƙarshen wuya, inda ya hau gangar jiki: firet na ƙarshe su ɗaga sama, ta yadda duk sautin da ka danna daga na 14 zuwa sama sai ya shaƙe. Wannan cuta ce da ta yawaita a tsofaffin Fender.

Daga nan sai awo. Danna tsirkiya mafi kauri a firet na farko da hannun hagu, ka danna ta a na ƙarshe da na dama, ka dubi ratar da ke tsakaninta da firet na takwas. Kamata ya yi ta kasance kusan milimita 0.3, kaurin ɗan katin takarda na suna da adireshi mai ɗan ƙwari. Idan ratar ta kai ka zura kwabo, ka tambayi dalili.

Yanzu ka roƙi mai jitar ya juya notin sandar a gabanka. A tsofaffin Fender notin yana gindin wuya, sai an sassauta wuyan ko an ɗaga garkuwar gaba, wato farantin da ke kare fuskar jita. Jazz ta tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ce ke da shi a kai, mai siffar harsashi. A fara sassautawa kaɗan, sannan a ɗaure rubu'in zagaye. Ya kamata ya juya da ɗan tauri, ba tare da ƙara ba. Na taɓa sayen wata daga hannun wani dillali da ya rantse min cewa wuyanta lafiya lau, ni kuma na ji nauyin in ce ya kwance a gabana. Da na kai gida na sa sukurudireba, notin ya ƙi motsi ko gashi ɗaya: an ɗaure shi har ƙarshen zarensa, wuyan kuma yana nan a lanƙwashe kamar baka. Wani mai gyara ya cece ta da 'yan zobban ƙarfe biyu da ya sa a ƙarƙashin notin, bayan ya matse wuyan a kan benci na kwanaki, amma na yi wata guda ina kwana da abin a raina. Duk mai sayarwar da ya hana ka ganin notin nan yana juyawa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

Rickenbacker 4001 na da nata hali. Sanduna biyu ne a wuyanta, kuma tsohon tsarinsu ba a yi shi don ya ja wuya da kansa ba. Sai an tanƙwara wuyan da hannu zuwa inda ake so, sannan a ɗaure notin ya riƙe. Wanda bai sani ba ya kama murɗawa, sai allon yatsu ya ɓalle daga wuyan a wajen firet na farko. Ka duba wannan wurin da kyau ko akwai tsaga ko alamar gam. A Gibson kuwa, bayan kai za ka duba, domin katakon mahogani ne, ɗan'uwan maɗacinmu, kan kuma ya karkata baya, faɗuwa ɗaya kan karya shi. Karayar da gwani ya ɗora tana riƙewa, amma dole ta rage kuɗi sosai. A Höfner, wuyan da gam aka kafa shi, kuma da tsufa yakan sunkuyo har tsirkiyoyi su yi sama da yawa.

A ƙarshe ka bi kowane firet a kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, kana saurare. A yawancin Fender akwai wurin da sauti ke mutuwa da wuri a siririyar tsirkiya, tsakanin firet na biyar da na bakwai. Wannan ba lalacewa ba ce, halin ƙirar ne. Abin da za ka auna shi ne ko za ka iya zama da shi. Firet da suka cinye ana sakewa, kuma ga mai kaɗawa wannan kamar sauya tayar mota ne.

Mataki na uku: tabbatar da shekarunta

Lambar jita kaɗai ba ta isa hujja ba. A Fender, daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa 1976 lambar tana kan farantin ƙarfen da ke bayan wuya, wanda noti huɗu kawai ke riƙe da shi. Masu farawa da harafin L na 1963 zuwa 1965 ne, faranti mai babban harafin F kuma ya zo a ƙarshen 1965. Daga 1976 lambar ta koma kai, S na nufin shekarun 1970, E na 1980, amma an ci gaba da liƙa S9 har cikin farkon 1980. Saboda haka shaidu da yawa za ka tara, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Shaida ta farko tana gindin wuya. Ka sassauta tsirkiyoyi, ka kwantar da jitar rub da ciki a kan tawul, ka kwance noti huɗun a hankali kana tallafe da wuyan, ka ɗaga shi tsaye ba tare da girgizawa gefe da gefe ba, don kada fentin bakin ramin ya ɓantare. Kafin 1962 da fensir ake rubuta wata da shekara. Bayan nan aka koma hatimi, kamar 7 JAN 64 A. Bakwai ɗin ba ranar wata ba ce, lambar ƙira ce: 7 Jazz, 5 Precision. Harafin ƙarshe faɗin wuya ne, A siriri, C mai faɗi. A shekarun 1970 aka koma wasu dogayen lambobi masu wuyar karantawa.

Shaida ta biyu tana ƙarƙashin maɓallan murɗa murya. Kowane fot, wato ɗan gwangwanin da maɓallin ke murɗawa, yana da lamba a jikinsa. In ka ga 1376542, ukun farko, 137, kamfanin CTS ne. 65 shekara ce. 42 kuma mako na 42. Lambar 304 ta Stackpole ce. Abin da fot ke gaya maka shi ne ba a gama jitar kafin wannan makon ba, muddin ba a taɓa sauya shi ba. Fender ya sayi fot masu ɗimbin yawa a 1966 ya yi shekaru yana amfani da su, don haka fot na 1966 a jitar 1969 ba abin mamaki ba ne. Ka dubi dalmar da ke jikinsa: ta asali takan dushe ta yi toka-toka, sabuwa tana ƙyalli, galibi kuma da ƙonannen gefe.

Sauran shaidun ƙanana ne amma suna taimakawa. Wayoyin ciki masu rigar zane sun kai har ƙarshen shekarun 1960 kafin na roba su maye gurbinsu. Ɗige-ɗigen allon yatsu sun sauya daga masu kalar yumɓu zuwa masu sheƙi wajen 1965. Jazz ta samu manyan alamomi masu kusurwa huɗu a 1966. Ɗan abin da ake dafa yatsa ya tashi daga ƙasan tsirkiyoyi ya koma samansu a 1974. Kunnuwan ɗaure tsirkiya na tsofaffin Fender kuma baibai suke juyawa, kada ka zaci sun lalace.

Fenti da lantarki

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 Fender da fentin naitiro yake aiki, siriri, mai tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani, mai gogewa inda hannu ke yawan taɓawa. Daga baya aka koma mai kauri irin na roba, wanda ɓantarewa yake yi. Launuka na musamman irin su Fiesta Red da Lake Placid Blue daga fentin motocin Amurka aka ɗauko su, kuma a yau suna ninka kuɗin jita, shi ya sa su aka fi yi wa jabu. Ka ɗaga garkuwar gaba: fentin da ke ƙasa ya kamata ya fi na waje haske, tun da rana ba ta gan shi ba. Tocilan mai hasken shuɗi irin na duba takardun kuɗi yana tona asiri a ɗaki mai duhu, domin tsohon naitiro yakan yi haske kore-kore, wurin da aka yi faci kuma ya fito daban. Ka kuma lura ko goguwar ta yi ma'ana. Hannun makaɗi yana cin inda damtse ke sauka da inda bel ke gogawa. Tsufan da aka yi da sanfefa yakan bazu ko'ina babu dalili.

Fikof kuwa da mita ake gwada shi. Ka jona waya, ka buɗe murya gaba ɗaya, ka auna a bakin wayar. Precision takan ba da wajen om dubu 10 zuwa 12, kowane fikof na Jazz, in an auna shi shi kaɗai, dubu 7 zuwa 9, ƙaton na EB-0 kuma wajen dubu 30. In mita ba ta nuna komai ba, mai yiwuwa siririyar wayar cikin fikof ta tsinke. Ana sake naɗawa, amma a rage maka kuɗi. Ƙarar kwarkwar idan ana murɗa maɓalli yawanci datti ne kawai.

Ka rataya ta a kafaɗa na minti goma kafin ka yanke shawara. Wasu Fender na ƙarshen shekarun 1970 sun wuce kilo biyar, kuma wanda zai tsaya awa uku a wajen biki da irin wannan, bayansa zai gaya masa.

Saye daga nesa

Yawancinmu daga waje za mu yi oda. Ka nemi hotunan gindin wuya, ramin wuya, fot, ƙasan fikof da bayan kai, da bidiyon da ake danna kowane firet, da rubutaccen alkawarin cewa sandar wuya tana aiki ta kowane ɓangare kuma za a karɓi kaya in an samu saɓani. A sassauta tsirkiyoyi kaɗan kafin a rufe, a cusa takarda kewaye da kai har jitar ta daina motsi a cikin akwati. Akwai kuma batun doka: rozwud na Barazil, wanda Fender ya yi amfani da shi har tsakiyar shekarun 1960, yana cikin rukunin farko na yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun 1992, kuma ketare iyaka da shi na buƙatar takardu. Sauran nau'o'in rozwud an sassauta wa kayan kiɗa a kansu a 2019. Ka tabbatar da takardun kafin ka biya, don jami'an kwastan na da ikon riƙe kayan.

Idan ta iso, ka bar kwalin a rufe ya kwana. Jitar da ta fito daga sanyin Turai ta faɗo zafinmu, in aka buɗe ta nan take, fentinta na iya tsagewa a gaban idonka.

Makon farko a gida

Kafin komai, ka ɗauki hotonta ta ko'ina, ka rubuta duk lambobin, ka adana a wuri biyu. Höfner ɗin McCartney an sace ta a 1972, sai bayan fiye da shekara hamsin ta dawo hannunsa. Precision ɗin Jamerson ta ɓace gab da rasuwarsa a 1983. Hoton tabo da tsagar da babu irinsu a wata jitar shi ne hujjarka.

Sannan ka daidaita ta, kuma a jere: lanƙwasar wuya tukuna, sai tsayin tsirkiya, sai daidaiton sauti, sai tsayin fikof. In ka fara daga baya, duk sai ka sake. A sandar wuya kada ka wuce rubu'in zagaye a rana. Tsayin tsirkiya a firet na 17 ya kasance wajen milimita 2.8 a gefen kauri, 2.4 a gefen siriri, daga nan ka bi hannunka. Don daidaiton sauti, ka gwada tsirkiya a buɗe da kuma a firet na 12. In na 12 ya yi sama, ka ja sirdin jaki, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke kai, baya, in ya yi ƙasa ka tura shi gaba. Notocin jaki da suka yi tsatsa a ɗiga musu mai a bar su su kwana, kada a yi musu ƙarfi.

Duk abin da ka cire, ko noti ɗaya ne, ka sa a leda ka rubuta sunansa ka ajiye a akwati. Kada ka huda sabon rami, kada ka faɗaɗa gidan fikof. Jitoci da yawa an yi musu wannan aika-aika a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ake ganinsu tsofaffin kaya ne kawai, kuma katakon da aka sassaƙe ba ya dawowa.

Hunturu da damina

Katakon jita ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram, da hunturu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ya haura sosai. Hunturun farko da Precision ɗina ta yi a wurina, wata safiya na zura hannu a wuyan sai na ji kamar haƙoran zarto: katakon ya tsuke, bakin kowane firet ya leƙo waje, har ɗaya ya yanke ni a gefen manuniya. Tun daga ranar ba ta ƙara kwana a waje ba. Ka sayi ƙaramin agogon auna danshi ka sa a akwati. Da hunturu, ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a gidan sabulu mai ramuka, ka ajiye a wajen kai inda ba zai taɓa fenti ba, kana dubawa duk kwana biyu. Da damina ka cire shi ka sa 'yan ƙullin tsotse danshi irin na cikin kwalin takalmi. Wuyan zai motsa sau biyu a shekara, kai ma sau biyu za ka bi shi da ɗan gyara.

Fentin naitiro yana da abokan gaba a cikin ɗakunanmu: turaren fesawa, maganin sauro na shafawa, da robar da ke jikin abin jingina jita, wadda kan narke ta liƙe a fenti ta bar baƙin tabo. Ka naɗe robar da tsohon farin ƙyalle na auduga. Kada ka bar jita a but ɗin mota ko da na awa ɗaya ne. Goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi bayan kowane kiɗa ya wadatar. Allon rozwud yana son ɗigo biyu ko uku na man da aka yi dominsa sau ɗaya ko biyu a shekara. Man gyaɗa da sauran man girki suna yin ɗoyi su danƙare, allon katakon mafil mai fenti kuwa ba ya buƙatar mai sam.

Wuta

In ka haɗa da tsohuwar amfilifaya ta Amurka, irin Ampeg B-15 da ta fito a 1960 ko SVT ta 1969 mai wat 300, ka tuna wutar can bolt 120 ce, tamu 230. Sai da tiransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da amfilifayar ke ja, da sitabilaiza in da janareta kake aiki. Tsofaffin masu filogi mai ƙafa biyu ba su da wayar ƙasa, kuma tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifayar. Ka kai wa ƙwararre ya sa mata waya mai ƙafa uku kafin ka kunna. Kada ka buɗe cikinta da kanka, don tana riƙe wutar da ke iya kisa ko bayan an zare filogi, kuma kada ka kunna amfilifaya mai kwalaben gilashi a ciki ba tare da an jona sifika ba.

Tsirkiya da kunne

Sautin da kake ji a faya-fayan shekarun 1950 da farkon 1960 na tsirkiya mai santsi ne, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Jamerson da irinta ta La Bella yake aiki, ba ya kuma sauyawa sai ta tsinke, ga soso a ƙarƙashin murfin jaki yana rage wa sautin tsawo. Mai kaushi, mai ƙara, ta bazu ne bayan Rotosound ya fitar da tasa a 1966 tare da makaɗin bes John Entwistle. Mai santsi ba ta cin firet, kuma tana ƙara daɗi da tsufa, amma masu kaurin cikinsu suna jan wuya da ƙarfi, don haka ga tsohon wuya ka zaɓi marasa nauyi. Gajerun jitoci irin Höfner da EB-0 tsirkiyar tsawonsu ake saya musu.

Da ka sa sababbi, ka yanko soso mai faɗin yatsa biyu ka tura ƙarƙashin tsirkiyoyin dab da jaki, ka rage maɓallin kaifin murya zuwa rabi, ka ja da gefen yatsa kusa da ƙarshen wuya. Ka yi minti goma a haka. Sannan ka zare soson, ka buɗe maɓallin duka, ka matsar da hannunka kusa da jaki ka sake jan sautukan da ka ja ɗazu. In ka sauya tsirkiya daga wani nau'i zuwa wani, ka bar ta kwana biyu ta zauna, sannan ka koma firet na takwas ka sake auna ratar nan.